Gwajin da Aka Yi a Zaure

Ban taɓa mantawa da ranar da Manaja ya turo mini rajistar ƙorafi a kan tebur ba, ko kallona bai yi ba ya ce, "Kulu, je ki Bakura ki koya wa tsohuwar nan danna rimot. Ta ishe mu." Ranar Litinin ce, tsakiyar damina. Ina rubuta wannan ne saboda ku 'yan matan da aka ɗauka aiki bana, don na ga an fara koya muku abin da aka so a koya mini na ƙi.

Bari in fara da yadda ofishin yake, don wanda bai sani ba. Kamfaninmu ƙarami ne, a nan Talata Mafara. Muna sayar da rawuta, wato ɗan akwatin nan da ke kamo intanet daga dogon ƙarfen sabis ya rarraba wa wayoyi da talabijin na cikin gida. A sama akwai Manaja. Ƙarƙashinsa akwai injiniyoyi masu kafa na'ura, sai mai karɓar ƙorafi a kantar ofis, sai ni can ƙasa. An ɗauke ni ne don abu ɗaya, ina shiga gidan da namiji ba ya shiga. Ni kuwa sai da na goya jika sannan na koyi rubuta sunana. Na faro daga ajin yaƙi da jahilci, na lallaɓa har na gama sakandaren manya, ina tuyar ƙuli-ƙuli da safe ina haddar darasi. Ban ɓoye wa kowa ba, kuma ba a bar ni na manta ba.

Tsarin aikin shi ne: injiniya ya je ya kafa rawuta, ya gwada gudun intanet da wayarsa, ya rubuta lambar da ta fito a fom, maigida ya sa hannu. Daga nan sai a ce an rufe aiki. Aikin da aka rufe kuwa ba a sake fitar masa da ko ƙusa daga sito sai Manaja ya yarda.

Akwai kuma abin da mutane ke ruɗewa a kai, har da wasu masu digiri. Data daban, gudu daban. Ni da dam ɗin Bakolori nake gane shi. Data ita ce ruwan da ke cikin dam, gudu kuma shi ne faɗin kwatar da ke kawo shi gonarka. Ana auna gudu da abin da ake kira megabit. Kallon bidiyo na yau da kullum yana son kamar uku zuwa biyar, hoto tangaran kuma ya fi haka ci. In gudun ya gaza, sai hoto ya tsaya cak, wani ɗan zobe ya fito tsakiyar talabijin yana juyawa.

Na buɗe rajistar. Sau uku aka bugo waya daga gidan, duk magana ɗaya: "Talabijin na kaɗi." Mai karɓar ƙorafinmu tashin birni ce, ba ta taɓa ganin abawa ba balle mazari. Sai ta rubuta a gefe, "Ba a gane ba. Kwastoma ba ta iya amfani ba." Ni kuwa da gani na gane. A gaban kakata na tashi tana kaɗin zare, mazari na juyi cikin tasa. Zoben nan ne tsohuwar ke nufi. Matar ta faɗi cutar daidai, har ta fi injiniya iya faɗi, aka rubuta ta jahila. Na duba fom ɗin gidan. Injiniya Bashar ne ya kafa, ya rubuta megabit sha huɗu. Sha huɗu kuwa ta ishi talabijin biyu su yi kallo har su yi barci.

Na isa Bakura bayan azahar. Gidan marigayi Malam Garba ne, manomin shinkafa, bai cika arba'in da rasuwa ba. Dattawa biyu kawai na tarar a zaure, na durƙusa na yi musu gaisuwa na wuce. Ina tafe ina lura. Ga rawuta can an rataye ta a bangon zaure. Daga zaure sai soro na biyu, sai tsakar gida, sai ɗakin uwargida a ƙurya. Ginin ƙasa ne irin na da, kaurin bango ya kai kamu guda, sama kuma kwano.

Hajiya Inno tana zaune a kan tabarma cikin kayan takaba, carbi a hannu. Muka gaisa doguwar gaisuwa, na tambayi haƙuri, na yi wa mamaci addu'a.

Ta ce, "Ke ta anka turo? Mace?"

Na ce, "Ni ta, Hajiya. Sunana Kulu."

"To Alhamdulillahi. Ɗiyata, zo ki gani da idonki, kada a ce tsuhwa ta."

Ta ɗauki rimot ta kunna, ta shiga inda ake shiga, ta zaɓi karatun wani malami. Ko kuskure ɗaya ba ta yi ba. Malam ya buɗe baki ya ce bismillahi, sai ya daskare da baki buɗe. Zobe ya fito.

Ta ce, "Kin gani? Kullum haka. Malam shi yi kalma guda, mazari shi yi goma. Ni ban aje shi don shi yi min zare ba."

Sai ta gaya mini abin da ke ranta. Autarta Hafsatu, wadda suke kira Hassi, ta gama makarantar ungozoma a Sakkwato. Ranar Alhamis da hantsi za a kira sunayensu, su yi rantsuwar kama aiki, kuma makarantar za ta nuna taron kai tsaye ta intanet. Malam Garba ya yi alkawarin shi da ita za su je. Allah bai nufa ba. Ita kuma ga takaba, ba ta fita. Shi ya sa babban ɗanta Sanusi, da ke aiki a Kaduna, ya sayo talabijin mai kama intanet ya biya aka kafa rawuta.

Ta ce, "Ubanta ba shi nan. In ni ma ban nan, wa ka ce mata amin?"

Na fitar da wayata na fara gwaji. A zaure, gindin rawuta, sha uku. A tsakar gida, huɗu. A ɗakin Hajiya, daidai bayan talabijin, ko ɗaya bai cika ba. Sau uku ina maimaitawa don kada in zalunci kowa. Ban samu ɗaya ba.

Nan take na kira Bashar. Yaron kirki ne, ba na ƙinsa, amma ranar ya ji ni.

Na ce, "Bashar, sha huɗun da ka rubuta, ina ka tsaya ka gwada?"

Ya ce, "A zaure mana, Inna Kulu."

"Talabijin ɗin a zaure take?"

"Haba Inna Kulu, in shiga ɗakin mai takaba? Ki ji tsoron Allah."

"Ban ce ka shiga ba. Ka kyauta da ba ka shiga ba. Amma hannunka ya karye ne da ba ka miƙa wayar an kai ciki an gwada ba? Ko bakinka aka ɗinke da ba ka ce a turo ni ba?"

Ya ce, "Fom ɗin ai bai tambayi wuri ba."

Gaskiyarsa, bai tambaya ba. Ƙanen marigayi, Alhaji Mamman, shi ya sa hannu, shi ma a zaure. Wanda ya gwada yana waje, wanda ya sa hannu yana waje, wanda ya biya yana Kaduna. Mai kallon kaɗai ce a ciki, ita kuma ba wanda ya tambaye ta.

Washegari Talata, gari ya cika da 'yan kasuwa, na samu Manaja a ofis. Na ajiye masa lambobin nan uku a takarda. Na ce ina son a sake buɗe aikin, a ba ni kebul mai tsawo daga sito in haɗa rawuta da talabijin kai tsaye, bango ya daina shiga tsakani.

Ya ce, "Aikin nan rufaffe ne. Fom ya ce sha huɗu, injiniya ya rubuta, maigida ya sa hannu. Ke a wa?"

Na ce, "Ni ce wadda ta shiga ɗakin."

Ya yi 'yar dariya. "Kulu, abin nan ba ƙuli-ƙuli ba ne. Ki ce su sayi data mai yawa, babban tsari. Shi ke nan."

Na ce, "Ranka ya daɗe, datarsu ko taɓa ta ba a yi ba, ta ina za a sha ta? In kwata ta toshe, ko kogin Kwara ka juye cikin dam, mai gonar ƙarshe ba zai ga ɗigo ba. Ka sani, na sani. So kake in je gidan makoki in sayar wa mai takaba abin da ba zai yi mata magani ba?"

Fuskarsa ta canja. Ya ce, "To mene ne abin tashin hankali? Irin wannan taro ai ana ajiye shi. Ta kalla daga baya, ko da Asabar."

Wallahi wannan maganar ta fi ta ƙuli-ƙulin ƙona mini rai. Na ce, "Manaja, ranar ɗaurin aurenka, da mahaifinka ya ce a naɗa masa a kaset ya ce amin ran Asabar, da ka ji daɗi?"

Ya ce in fita masa daga ofis. Na fita, ba kebul.

Ranar Laraba na koma Bakura ba da izinin kowa ba. Tunda an hana ni kebul, sai in matso da rawutar. Matsalar ita ce, in na kai ta cikin ɗaki ba za ta kamo dogon ƙarfe ba, in na bar ta a zaure kuma ba za ta kai ɗaki ba. Na yi ta zagaya tsakar gida da waya a sama kamar mai neman wata, matan gidan na bina da kallo suna dariya. A gefen rumbu na samu wurin. Daga nan ana hango kan dogon ƙarfen ta saman katanga, kuma ƙofar Hajiya na kallon wurin ba bango. Muka kafa gora, na ɗaure rawuta a samanta da tsumma, na kifa mata tsohuwar robar wanki saboda ruwa. Wutar sola muka jawo mata da doguwar wayar da suke jona firji. Muka kinkimo talabijin muka matso da ita bakin ƙofa daga ciki. Na gwada, shida. Malam ya yi karatunsa tiryan-tiryan har ya shafa fatiha.

Hajiya ta ce, "Ashe bakinai lahiya lau na." Ranar na fara ganin haƙoranta.

Alhamis tun ƙarfe tara ina gidan. Sanusi ya turo adireshin taron na intanet, na buɗe. Ga zauren taro, ga ɗalibai jere cikin fararen kaya. Matan gida da maƙwabta suka cika ɗakin har bakin ƙofa. Aka yi addu'a, manya suka fara jawabi, wannan ya sauka wannan ya hau. Hoto lafiya lau. Ina cewa a raina, da ma jawaban ne mazari ya cinye.

Sai hadari ya haɗo, ruwa ya tsuge. Ban damu ba sosai, na san ruwa na rage sabis amma shida tana da rara. Aka ce yanzu za a fara kiran sunaye. An kira na fari, an kira na biyu, sai hoto ya tsaya. Zobe ya fito.

Ido duk ya dawo kaina. Hajiya ma ta juyo ta dube ni. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na gwada, ɗaya da 'yan kai. Na ce ruwa kaɗai ba zai yi wannan ɓarna ba. Na shiga shafin rawutar ta wayata, inda take nuna na'urori nawa ke shan intanet ɗinta. Goma sha bakwai. Gidan da talabijin ɗaya ce da wayoyi uku.

Na yafa gyale na ratsa ruwan na leƙa zaure ta soro na biyu. Maƙil yake. Ruwa ya koro maza daga gona sun fake, manya da matasa, kowa ya duƙufa a kan waya. Wasu sun haɗa kai suna kallon dambe, har ana cewa "kashe shi!" Na ɗaga kai, sai ga lambar sirrin rawuta an rubuta ta da gawayi a bango, manya-manyan baƙaƙe, ko makaho ya shafa ya karanta. Daga baya na ji Alhaji Mamman ne ya ce Bashar ya rubuta masa a nan don kada ya manta. Ranar Litinin da ranar Laraba duk na wuce ta gabanta ban lura ba, hankalina na kan kaurin bango. Wannan laifina ne, ban ɗora wa kowa ba.

Abin da ya kamata ku sani shi ne, gudun rawuta rabawa ake yi. Shidan nan ba ta talabijin kaɗai ba ce, ta duk wanda ya shigo ce. Mutum goma sha bakwai a kan akushi ɗaya.

Ban tsaya roƙon kowa ba, ba lokaci. A tsaye cikin ruwa na canja lambar sirrin. Duk suka faɗo daga intanet a lokaci ɗaya, har da talabijin ɗin. Ban kai ga juyawa ba na ji muryar Alhaji Mamman.

"Kai! Wa yat taɓa sabis?"

Na ce daga bayan bango, "Ni ta, Alhaji. Kulu, ma'aikaciyar kamfani."

"Da izinin wa? Ni nas sa hannu ga takardar abin ga!"

Na ce, "Alhaji, ɗiyar yayanka ka rantsuwa Sakkwato yanzun nan, uwatta na ciki tana son gani. An saye abin ga don ita, ba don dambe ba. Zauren mamaci kuke zaune, ko arba'in bai yi ba. In ba ku jin kunyata, ku ji tashi."

Wani matashi ya fara cewa, "Wagga mata ko..." sai na ji wani dattijo ya ce, "Rufe muna baki. Gaskiya tag gaya." Ban ƙara jin motsin kowa ba.

Na koma ɗaki a guje, ina ɗiga. Sai an sake shigar wa talabijin sabuwar lambar, da rimot, harafi ɗaya-ɗaya. Hannuna a jiƙe yake. Na yi kuskure a na farko, na goge, na sake. Wata mata a bayana tana ta "Hasbunallahu", wata na cewa in yi sauri, kamar da gangan nake yi. Da ta kama, ban yarda na bar hoton a tangaran ba. Na shiga saiti na rage kyansa zuwa ƙasa, don hoto mai dishi-dishi ba ya cin gudu, gara a gani da hazo da a tsaya.

Hoto ya motsa. An gama kiran sunaye.

Ɗaliban suna tsaye sahu-sahu, kowace ta ɗaga hannun dama, wata babbar malama na karanta rantsuwa suna maimaitawa. Fuskoki duk sun narke, fari ne kawai a jere. Na ce a raina na kashe maciji ban sare kai ba, me za ta gani a nan? Sai Hajiya ta matso da gwiwa har gaban gilashin, ta kai yatsa.

"Ga ta nan. Sahu na biyu, ta ukku."

Wata ta ce, "Inno, ya kinka gane? Ba a ganin huska."

Ta ce, "Kahwaɗa guda sama, guda ƙasa. Tsayuwar ubanta ta."

Ta ɗaga hannuwa. Duk abin da malamar ta karanta, yara suka maimaita, Hajiya sai ta ce amin. Za su riƙe amanar mai naƙuda, amin. Ba za su tona asirin majinyaci ba, amin. Ba rantsuwar da ake ce wa amin ba ce, amma ba wadda ta gyara mata, mu ma duk muka kama. Mace wajen ashirin a ɗaki ɗaya, ruwa na dukan kwano, muna amin. Har aka gama zoben bai dawo ba.

Da za ni tafi ta riƙe hannuna ta yi ta sa mini albarka. Sannan ta ce a hankali, "Sunan dai ya wuce mu, ko? Da Hafsatu Garba za su ce." Na ce ya wuce, Hajiya. Ta gyaɗa kai ta ce ba komai. Ni ban ga ba komai ba. Da an ba ni kebul ranar Talata, da nan take zan kashe wayfai ɗin, wato sabis ɗin da wayoyi ke kamawa ta iska, gaba ɗaya in bar talabijin ita kaɗai a kan kebul, ba sai na tsaya danna harafi ba. Sau ɗaya za a kira sunan mijinta a zauren taron nan, kuma ya wuce ina fama da rimot.

Ranar Litinin ta gaba na tarar da takardar tuhuma a teburina. Laifi uku: na taɓa aikin da aka rufe, na canja lambar sirrin kwastoma ba izini, na yi wa dangin kwastoma rashin kunya. Aka ce in ba da amsa a rubuce. Na rubuta da hannuna, rubutun nan nawa na yaƙi da jahilci mai kama da tafiyar kaza. Na amsa duka ukun na ce na yi. Na jera lambobin, zaure, tsakar gida, ɗaki. A ƙasa na yi tambaya ɗaya: wace ce kwastomar, mai sa hannu ko mai kallo? Ba a ba ni amsa ba har yau. Gargaɗi aka sa mini a fayil, yana nan, kuna iya zuwa ku gani. Fom ɗin ma ba a canja shi ba. Bashar dai, in ba shi haƙƙinsa, tun daga ranar bai ƙara rufe aiki a gidan da bai shiga ba sai ya kira ni.

Ga abin da na koya, ku riƙe ko ku zubar. Na'urar gwaji ba ta ƙarya, amma ba ta faɗin inda aka tsaya da ita. A garuruwan nan namu, daga Mafara har Maradun, mai saye da mai sa hannu a ƙofar gida suke, masu kallo kuwa suna can bayan bango uku. Kada ku rubuta lambar da ba a gindin talabijin kuka same ta ba. Ku duba mutum nawa ke kan rawutar. In gudu ne ya gaza kada ku sayar da data, haram ce kuke ci. In kuma tsohuwa ta gaya muku wata kalma ba ku gane ba, ku ce "Inna, nuna mini," kada ku rubuta cewa ba ta iya ba. Ba don kun fi injiniyoyi ilimi aka ɗauke ku ba, an ɗauke ku ne don ƙafarku na kaiwa inda tasu ba ta kaiwa. Duk wadda ta tsaya a zaure ta cike fom ta juyo, ta ci amanar matar da ke ciki, kuma in na ji, ba sai Manaja ya rubuta mata takarda ba, ni da kaina zan same ta.